Mayunwacin Ruwa: Abin da Maƙalar Kondolf Ta Gano a Ƙasan Kogi, da Abin da Ta Bari a Baya

Duk wanda ya taɓa tsayawa da masu ɗibar yashi ko tsakuwa a bakin kogi, ya tambaye su ko ba sa tsoron abin ya ƙare, amsa ɗaya zai ji: "Ai damina na tafe, ruwa zai kawo wani." Kuma in da ido za a yi hukunci, gaskiya suka faɗa. Ramin da katafila ta haƙa a watan Maris, in ka dawo a Oktoba sai ka tarar ya shafe kamar ba a taɓa sa masa shebur ba. Wannan amsa ba ta 'yan tifa ba ce su kaɗai. Injiniyoyi da jami'an ba da lasisi a Amurka da Turai sun daɗe suna maimaita ta, illa dai su da lissafi da zane suke kawo tasu.

Rubutun da ya fi shahara wajen rusa wannan hujja shi ne wata maƙala da G. Mathias Kondolf na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya wallafa a mujallar Environmental Management a 1997. Takenta ya fara da kalmomi biyu, Hungry Water, wato mayunwacin ruwa, kuma ta yi bayani ne a kan abin da madatsun ruwa da haƙar tsakuwa ke yi wa koguna. Har yau da wuya ka buɗe kundin ɗalibi a kan ɗibar yashi, a nan gida ko a waje, ba ka ga sunanta ba. Abin da ya sa na ga ya dace mu zauna a kanta shi ne yadda ake karanta ta. Na taɓa duba kundin wani ɗalibi a kan wani rafi da ke ƙafewa ƙarƙaf da rani, sai ga shafi guda cur a kan yadda haƙa ke lalata wurin ƙwan kifin salmon. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin salmon a rafin, ya yi dariya. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Maƙalar tana da ɓangaren da ya shafi kowane kogi a duniya, tana kuma da ɓangaren da na Kalifoniya ne zalla, amma mu sai muka fi kwasar na biyun.

Bari mu fara da inda take da ƙarfi.

Kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba, ɗan dako ne. Yana kwaso laka da yashi da tsakuwa daga tuddai yana gangarawa da su zuwa teku ko tafki. Laka a cikin ruwan take tafiya, ita ce ke mayar da shi ja da damina. Tsakuwa kuwa a ƙasa take mirginawa, kuma ba kullum ba, sai 'yan ranakun da ruwa ya cika ya yi ƙarfi. Don haka tarin tsakuwar da kake gani a tsakiyar kogi da rani ba ajiya ba ce, matafiyiya ce ta ya da zango, baɗi za ta ƙara gaba wata ta maye gurbinta. Ka tuna leburorin da ke miƙa bulo hannu da hannu a wajen gini. In na tsakiya ya riƙa karkatar da bulon yana lodawa a mota, hannunsa ba zai taɓa zama wayam ba, domin na bayansa na ci gaba da miƙo masa. Waɗanda ke gabansa ne za su tsaya hannu sake.

Madatsa ita ce babbar mai karkatar da bulon. Tsakuwa da yashi ba sa tsallake ta, a bayanta suke kwantawa. Ruwan da ke fitowa ta ƙofofinta garau yake, da ƙarfinsa amma ba kaya a kansa, sai ya hau cin ƙasan kogi da gaɓoɓinsa har ya sake yin lodi. Yunwar ke nan.

Ramin haƙa kuwa ta fuska biyu yake ɓarna, kuma a ganina nan ne maƙalar ta fi yin amfani. A bakin ramin ta sama, inda ruwa ke faɗawa ciki, an samu gangare mai tsauri, ruwa na ƙara gudu yana gutsurar bakin. Sai bakin ya riƙa ja da baya yana hawa sama, daidai yadda kan kwazazzabo ke cin gona yana matsowa kowace damina. Wannan zaizaya mai tafiya da baya tana iya yin kilomitoci, har ta shiga ƙananan rafukan da ke zuba a kogin. Ta ƙasa kuma, ramin ya zama tarko, duk tsakuwar da ta gangaro a cikinsa take tsayawa, ruwan da ya fice daga cikinsa ya koma mayunwaci kamar wanda ya fito daga madatsa. Ka ga ke nan cikar ramin, wadda ake nunawa a matsayin shaidar cewa kogi ya warke, ita ce ma alamar ɓarnar. Abin da ya cika shi an yago shi ne daga sama, an kuma hana na ƙasa.

Daga nan Kondolf ya juya kan dabarar da hukumomi ke taƙama da ita, ta cewa a ƙayyade wa mai haƙa daidai abin da kogi ke kawowa a shekara. A ji kamar adalci. Amma in ka kwashe duk abin da ya shigo, me ya rage wa kogin da ke ƙasa da kai? Sannan abin da kogi ke kawowa ba albashi ba ne da ke zuwa daidai wa daida. Ambaliya ɗaya tana iya kawo abin da shekara goma ba su kawo ba, shi kuwa mai lasisi kowace shekara yake ɗiba, ko an yi ruwa ko an yi fari. Ya kawo misalin rafin Stony a Kalifoniya, inda madatsar Black Butte ta tare mafi yawan tsakuwar da ke gangarowa tun 1963, amma aka ci gaba da haƙar ninkin-ba-ninkin abin da ke shigowa, har ƙasan rafin ya nutse, ginshiƙan gadar babbar hanya suka fito fili aka shiga kashe kuɗin gyara.

Akwai wani hoto a maƙalar da lokaci ya ƙara wa nauyi. Hoton gadar Kaoping ne a Taiwan, an jibge mata duwatsu da kankare a gindi don a tsayar da zaizayar da haƙar tsakuwa a ƙasa da ita ta jawo. A watan Agusta na 2000, shekara uku bayan fitowar maƙalar, gadar ta karye bayan wata guguwa, motoci suka rufta, mutane sama da 20 suka jikkata. A watan Maris na 2001 kuma gadar Hintze Ribeiro a kan kogin Douro a Fotugal ta rushe da motar bas a kanta, mutum 59 suka mutu, kuma ɗibar yashi na shekara da shekaru na cikin abubuwan da aka ɗora wa alhakin raunana gindinta. A wannan fage ba ni da abin da zan soki maƙalar da shi. Abin da ta faɗa ya faru.

To ina kifi a cikin wannan duka?

Kifin da maƙalar ta sani shi ne salmon, kuma ba abin mamaki ba ne, domin rayuwarsa a ɗaure take da tsakuwa. A teku yake girma, ya dawo kogin da aka ƙyanƙyashe shi don ya hayayyafa. Macen takan kwanta ta gefe ta riƙa kaɗa wutsiya har ta tone rami a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai, namiji ya barbara, sannan ta rufe. Ƙwan zai yi makonni, wani lokaci watanni, a binne, yana shaƙar iskar oksijin daga ruwan da ke tsiyaya ta tsakankanin duwatsun. Ko bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan ba sa fitowa nan take, a cikin tsakuwar suke zama suna cin guzurin gwaiduwar da ke maƙale a cikinsu. Saboda haka dole tsakuwar ta zama daidai. In ta yi girma macen ba za ta iya motsa ta ba, kuma Kondolf da M. Gordon Wolman sun nuna tun 1993 cewa iyakar abin da take iya tonewa ya danganta da tsawon jikinta, wajen kashi ɗaya cikin goma. In kuma laka ta toshe ƙofofin, ƙwan ya shaƙe. Mayunwacin ruwa yana kwashe matsakaiciyar tsakuwa ya bar manyan duwatsu, haƙa kuma tana tayar da laka. Ko ta ina ba sauƙi.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kududdufai. Da aka fara matsa wa kamfanoni su fita daga cikin kogi, sai suka koma haƙa a fadamar da ke gefensa, suna barin siririyar katangar ƙasa tsakanin ramin da ruwa. Ranar da babbar ambaliya ta zo sai katangar ta ɓalle, kogi ya bi ta cikin kududdufin ya mayar da shi hanyarsa. Inda a da akwai ruwa mai sanyi yana gudu a kan tsakuwa, yanzu an samu tafki mai zurfi, mai ɗumi, wanda ba ya motsi, irin wurin da wani baƙon kifi mai farauta da ake kira bass yake so. Maƙalar ta ambaci wani bincike na 1987 a kogin Tuolumne da ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na 'ya'yan salmon da ke gangarawa teku an cinye su a cikin kwana ukun da suke yi kafin su ratsa kilomita 80, akasari a irin waɗannan ramuka. Ba guba aka zuba ba, ba a kuma kama ko kifi ɗaya da koma ba. Siffar kogin kawai aka canza.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da hakan. A 1998 Arthur Brown da abokan aikinsa sun duba rafuka uku a tsaunukan Ozark na jihar Arkansas, suka tarar wuraren da aka haƙa sun yi faɗi, laka ta ƙaru, ƙananan ƙwarin ruwa da kifi ke ci sun ragu, kuma tasirin bai tsaya a wurin haƙar ba. A 2006 a kogin Fraser na Kanada, hanyar wucin gadi da aka cike don manyan motoci su isa wani tsibirin tsakuwa ta rage ruwan da ke shiga wani reshe na kogin, aka ƙiyasta 'ya'yan salmon kimanin miliyan biyu sun mutu a binne. Aikin da izinin hukuma aka yi shi, da sunan rage haɗarin ambaliya.

Yanzu ga inda nake da ja.

Na farko, maƙalar ta masanin siffar ƙasa ce, kuma hakan ya bayyana. Kogi a wurinta hanyar duwatsu ce, kifi ya shigo ne a matsayin wanda abin ya rutsa da shi, kuma kusan kifi ɗaya tak. Sauran halittun da ke rayuwa a kan tsibiran yashi da tsakuwa ba su samu rabon da ya kamace su ba, alhali a wurare da yawa su ne na farkon shan wuya, tun kafin ƙasan kogi ya nutse ko da taƙi ɗaya. Ɗauki kogin Chambal a Indiya, inda mafi yawan ragowar kadan nan mai siririn baki da ake kira gharial suke. A ƙididdigar 2019 manyansa da suka isa haihuwa a duniya ba su kai 1,000 ba. Macen a tudun yashi na bakin ruwa take binne ƙwanta da bazara, daidai lokacin da ruwa ya ja baya, taraktocin masu ɗibar yashi suka samu hanya. Kunkurun ruwa da tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa su ma a wannan yashin suke. A nan ba a buƙatar wani dogon lissafin lodin kogi. Shebur ne a kan sheƙa, shi ke nan. A Sin kuma, da aka hana ɗibar yashi a babban kogin Yangtze a 2000, jiragen haƙa tafkin Poyang suka koma, inda aka ƙiyasta ana kwasar mita kubik miliyan 236 a shekara a tsakanin 2005 da 2006. Tafkin na cikin mafakar ƙarshe ta wata dabbar ruwa mai shayarwa, dangin dolfin, wadda da sauti take gane hanya da abinci. Ƙarar injuna da cunkoson jirage su ne matsalarta, abin da ma'aunin tsakuwa ba zai taɓa nunawa ba.

Hatta a cikin tsakuwar kanta akwai duniyar da maƙalar ta ratsa da sauri. Tun 1988 Jack Stanford da James Ward sun samu tsutsotsin wasu ƙwarin kogi a rijiyoyin da ke da nisan har kilomita 2 daga bakin kogin Flathead a jihar Montana. Ashe ruwan kogin yana ratsa tsakuwar da ke ƙarƙashin fadama, halittu na yawo a ciki. Wato kududdufin da aka haƙa "a gefen kogi" a cikin kogin yake, ko da katangar ba ta taɓa ɓallewa ba.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen, domin masu kare haƙa suna da abin nunawa. A Ingila tsofaffin ramukan tsakuwa da dama sun zama matattarar tsuntsaye, gandun Attenborough da ke kusa da Nottingham ɗaya ne daga ciki. A kogin Platte na jihar Nebraska, tsuntsaye iri biyu da doka ta ba kariya suna yin ƙwai a kan tulin yashin da kamfanonin haƙa suka tara. Gaskiya ne. Amma a tambaya, me ya kai su can? Madatsu da janye ruwa don noma sun rage tsiraran tsibiran da suka saba sauka a kai, sai suka fake a inda ya yi kama da gida. Kuma tsuntsun tafki daban, kifin ruwa mai gudu daban. In an ƙirga nau'o'in da ke kududdufi aka ga sun fi na da yawa, ba a gaya maka su wa suka tafi ba.

Na biyu, kuma shi ya fi shafar mu, shi ne batun wurin da aka yi binciken. Wani nazari da Lois Koehnken da abokan aikinta suka fitar a 2020, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan ɗibar yashi a koguna, ya nuna cewa akasarinsa a ƙasashe masu sanyi aka yi, a kogunan da ma an riga an daina haƙa a cikinsu. Faransa, alal misali, ta haramta haƙa a tsakiyar kogi tun 1994. Inda ake haƙar da gaske a yau, Asiya da Afirka, nan ne ilimin ya fi ƙaranci. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rahotonta na 2022 duniya na amfani da tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara, kuma ba a Kalifoniya ake zuba mafi yawan kankaren ba.

Kifayenmu ba sa binne ƙwai a tsakuwa irin ta salmon. Tarwaɗa jira take ruwa ya tumbatsa ya shiga ciyayin fadama, ta bi shi ta zuba ƙwai masu danƙo da ke manne wa ciyawa. Bargi sheƙa yake ginawa da ciyayi a ruwa marar zurfi. Namijin karfasa ɗan gurbi yake sharewa a ƙasa, macen ta kwashe ƙwan a bakinta ta yi reno. Gaiwa kuwa in ruwa ya janye sai ta shige laka ta lulluɓe kanta har wata damina. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne ambaliyar shekara-shekara da ke haura gaɓa. Robin Welcomme na Hukumar Abinci da Noma ta Duniya ya nuna tun shekarun 1970 cewa a kogunan Afirka yawan kifin da masunta ke kamawa yana bin faɗin ambaliyar shekarun da suka gabata. Fadama ce ɗakin haihuwa, ita ce kuma rumbun abinci.

To haɗa wannan da ilimin Kondolf ka gani. In ƙasan kogi ya nutse da mita ɗaya ko biyu, ruwan da a da yake haura gaɓa ya malale fadama yanzu a cikin kwarin zai tsaya. Ba a rage ko ɗigo ɗaya na ruwan ba, amma an raba kifi da wurin haihuwarsa. Wannan ita ce babbar hanyar da haƙa za ta bi ta taɓa tarwaɗa da bargi, kuma maƙalar ba ta zauna a kanta ba, domin damuwar marubucin a kan tsakuwar ƙwan salmon take. Ɗalibin da ya kwafo shafin salmon ya bar wannan ya ɗauki ɓawo ya zubar da ƙwaya.

Haka batun ruwan ƙasa. Kondolf ya ambaci yadda nutsewar kogi ke janye ruwan da ke ƙarƙashin gaɓoɓinsa har itatuwa su bushe, rijiyoyi su yi ƙasa. A wurinsa wannan ɗaya ne daga cikin jerin illoli. A rafukan da ke ƙafewa wata shida ko bakwai a shekara kuwa, shi ne kan gaba. Yashin da ke kwance a cikin irin wannan rafi randa ce. Shi ya sa ake tona shi da hannu da rani a samu ruwan sha, shi ya sa manoman rani ke kafa bututu a gefensa, kuma shi ke riƙe 'yan gurabun ruwan da kifi da kwaɗi da dabbobin daji ke dogaro da su har ruwan farko ya sauka. Wanda ya kwashe yashin har ya tarar da laka ko dutse ya fasa randar ne. Sannan tsibiran yashi na kogunan Neja da Binuwai su ma suna da masu ƙwai a kansu. Akwai ɗan tsuntsun nan mai launin toka da baƙin layi a ƙirji, wanda masana ke kira Pluvianus aegyptius, da ke binne ƙwansa a cikin yashi, in rana ta yi zafi ya jiƙo gashin cikinsa ya zo ya sanyaya shi. Kada ma a gaɓar yashi take binne nata.

Kada a ɗauka ilimin nutsewar kogi na Turawa ne kawai. Wani bincike da Luc Ferry da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna ƙasan kogin Neja na nutsewa a yankin Bamako da Koulikoro a Mali, suka kuma danganta hakan da yashin da ake kwasa don ginin birnin. A can ba katafila ce ke yawancin aikin ba, mutane ne ke nutso da bokiti suna cika kwale-kwale. A kogunan Kano ma abubuwan biyu da maƙalar ta haɗa suna nan tare: madatsar Tiga tun 1974 da ta Challawa tun 1992 a sama, tifofi kuma a ƙasa suna ciyar da birnin da ba ya daina gini. Sai dai a nan ma kwafe ba zai yi ba. A can ƙasa wajen dausayin Haɗeja da Nguru, kukan da ake yi na akasin haka ne, laka da ciyawar kacala sun toshe hanyoyin ruwa. Kogi ɗaya yana iya jin yunwa a wani yanki ya ƙware a wani. Ɗibar yashi a inda yake taruwa fiye da kima hukuncinta daban da ɗibarsa a inda ruwa ke cin gindin gada, kuma ba mai iya raba su sai wanda ya auna.

Na uku shi ne maganin da maƙalar ta bayar. Ta ba da shawarar a yi lissafin abin da ke shiga kogi da abin da ke fita kafin a ba da lasisi, a riƙa auna zurfinsa duk shekara, a nemi tsakuwa a wasu wurare kamar bayan madatsu da ɓaraguzan tsofaffin gine-gine, a kuma sa kuɗin ɓarnar a cikin farashin kaya. Ta kawo misalin kogin Rhine, inda Jamusawa ke zuba tsakuwa da jirgi a ƙasa da madatsar Iffezheim don su ƙosar da ruwan, da kogin Sacramento inda ake zuba wa salmon tsakuwar ƙwai da mota. Shawarwarin ba su da aibi. Amma dukkansu sun ɗauka cewa mai haƙa kamfani ne mai ofis da lasisi, hukuma na da ma'aunan shekara hamsin a ajiye, kuma akwai kuɗin da za a sayi tsakuwa a mayar wa kogi. Ba su san da matashi mai shebur da ake biya kuɗin lodi ba, ko mai unguwar da ke karɓar na ƙasa, ko direban da in an hana shi nan zai zagaya can da dare. Labarin Poyang ya isa darasi, hani a wuri ɗaya tura haƙar yake yi zuwa wani wurin da ba a sa ido. Ba na ganin laifin Kondolf da bai rubuta wa Bamako ko Wudil ba. Laifin na wanda ya kawo takardar maganin Sacramento ne ya ce a sha a nan.

Akwai kuma abin da nake ganin maƙalar ta yi daidai ƙwarai amma masu rubuta rahoton tasirin muhalli suka yi biris da shi, wato nisa da lokaci. Yawancin rahotannin da na gani a wurin haƙar suke tsayawa. A ɗebi ruwa a kwalba, a auna duhunsa, a jefa koma sau biyu a rubuta sunayen kifin da aka kama, a tafi. Alhali in bayanin ramin nan gaskiya ne, illar tana kilomitoci sama da ƙasa, kuma tana iya ɓoyewa shekaru har ranar da babbar ambaliya za ta zo ta bayyana ta a dare ɗaya. Wani lokaci ma ramin kansa cike yake da kifi da rani, domin nan ne kaɗai ruwa ya rage, sai mai rahoto ya rubuta cewa haƙa ta amfani masunta.

Ga ɗalibin da ke son yin aiki a kan rafin garinsu, abin da zan ce ya ɗauka daga Kondolf ba ya buƙatar dala ko ɗaya. Ya je gindin gada mafi kusa ya duba inda tsohon kankaren tushe ya fito fili, ya auna tsayinsa daga yashi, ya sa alamar fenti, ya dawo bayan damina. Ya zauna bakin hanya kwana bakwai ya ƙirga tifofin da ke fita, ya tambayi direbobi lodin kowace. Ya buɗe tsofaffin hotunan Google Earth ya ga inda tsibiran yashi suke shekara goma sha biyar da suka wuce. Sannan ya nemi sarkin ruwa da tsofaffin masunta ya tambaye su, ba yawan kifi kawai ba, a'a, wace shekara ce ta ƙarshe da ruwa ya kai gindin wace bishiya a fadama, kuma gaba nawa ake tonawa yanzu da rani kafin a tarar da ruwa.